Albasar Aliero a Ɗakin Gahawa

Saura kaɗan in fasa ba da wanga labari. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajewa, don duk ta inda na juya shi ni ne mai laifi a ciki, kuma mutum in ya fara furfura ya fi son labarin da zai fito shi ne gwani. Ina da irin waɗannan da yawa, wasunsu ma gaskiya ne. Amma wanga ya ƙi barina in huta, to bari in sauke shi.

Lokacin muna jihar Sakkwato ne, ba a ko fara zancen yanke mana tamu ba. Ni Altine, manomin albasa daga Aliero, na ƙudura zuwa Makka ta ƙasa yadda kakanni sunka yi: ka yi aiki nan, ka ƙara gaba, har Allah ya kai ka bakin teku. Kayana riga biyu ne, da buta, da ƙullin irin albasa da na ɗinke cikin aljihu. Kada ku tambaye ni dalili. Mutumin Aliero ko asibiti za a kwantar da shi sai ya tahi da iri, ko Allah zai sa a ba shi gado kusa da famfo.

Ƙasar Chadi ba zan daɗe a kanta ba. Ƙishirwa ce, da bayan babbar mota, da sojoji masu karɓar takardarka su riƙe ta a juye suna gyaɗa kai. A wani shinge ɗaya daga cikinsu ya sa tawa aljihu ya ce in wuce. Na wuce. Daga ranar ni ba ɗan kowace ƙasa ba ne.

Na sami numfashi a Mai Wurno, garin mutanenmu ne a Sudan, bakin kogi. Nan na yi tsinkar auduga, na koyi Larabcin kasuwa irin wanda ke sa malamai toshe kunne. Wata tsohuwa, Inna Ige, da ta ji maganata sai ta sa anka kira ni. Kakanninta daga Dangamaji sunka taso, ita ko ba ta taɓa ganin wurin ba, amma ta tambaye ni ko har yanzu gulbin Jega na cika da damina ya hana mutane ƙetarawa. Na ce shina cika. Ta yi murna kamar na kawo mata saƙon wani nata. A gidanta na fara shan gahawa. Ta zubo mini baƙin ruwa cikin ɗan finjali da bai fi rabin ƙwan kaza ba, ni ko na ɗaga na juye shi gaba ɗaya kamar kunu. Ɗaci da citta da zafi sunka haɗu a maƙogwarona.

Da hawaye sunka tsaya na ce, "Inna, wa ba ya da lafiya a gidanga?"

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Kai ɗan nan, kurɓa ake yi. Ba korarka ake ba."

A garin na haɗu da Tijjani, ɗan fatauci mai zaƙin baki. Shi ya ce mini masu bin hanyar Sudan zuwa teku wahala kawai suke saye. In na bi shi ta ƙasar Habasha, kwana ashirin ina shaƙar iskar Bahar Maliya, kuma can ba mai tambayar takarda. Abin da zan yi kurum in taya shi da abokan fataucinsa ɗaukar kaya. Inna Ige ta ce kada in je. Na ce mata ni na san mutane. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni.

Daga Kurmuk, garin kan iyaka, munka fara hawa. Gishiri da sabulu ne a kaina, za su musanya da gahawa a can sama. Ni da na tashi inda ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, sai ga ni ina hawan tudu da hannu da ƙafa, ruwa na dukanmu, laka ja tana cire takalmi. Ga sanyi irin wanda ke shiga ƙashi. Kwana na shida zazzaɓi ya kama ni. Kwana na takwas da hantsi sunka aje ni a baranda ta wani ɗan masallacin ciyawa, Tijjani ya dafa kaina ya ce za su sayo magani su dawo. Ya ɗauki kayan da nake ɗauke da shi ya ɗora wa jaki. Ina jin har yanzu layin kantin maganin bai zo kansa ba.

Wanda ya tsince ni sunansa Abba Nuru, dattijo ne siriri mai jan gemu na lalle. Ya taɓa fatauci zuwa Kurmuk, saboda haka shina da nasa gurgun Larabcin, munka haɗa da nawa ya zama mai tahiya da sanda. Na tambaye shi kwana nawa ne zuwa teku. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Ɗana, tun da aka haife ni ban taɓa ganin wanda ya ga teku ba. Tashi mu je gida."

Matarsa Hada Fatuma ita ta yi jinyata. Su biyu ne kurum a gidan, 'ya'yansu maza soja ya kwashe, ba labari. Ina kiranta Inna, tana kirana da wata kalma da daga baya na gane ma'anarta dogo. Ba mu jin maganar juna, amma faɗa in za ta yi mini ina gane shi sarai.

A gidan nan na san mece ce gahawa. Su buna suke ce mata. Ba gona suke mata irin tamu ba, a fili ƙarƙashin rana. Cikin kurmi take, ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, ita kanta ba ta fi tsayin mutum da hannu a ɗage ba. 'Ya'yanta kamar magarya, kore tukuna, sannan su yi ja wur. Ka matse ɗaya sai ƙwaya biyu su fito suna fuskantar juna kamar ɓarin gyaɗa. Abba Nuru ya ce asalinta nan ƙasarsu ne, Allah ya shuka ta a daji ba mutum ba. Wai wani makiyayi ne ya ga awakinsa sun ci 'ya'yan suna ta tsalle, shi ma ya ɗanɗana. Na ce masa lallai wanga makiyayi ba Bafulatanin Sarandosa ba ne, don namu da ya ga haka kasuwar Jega zai kora su ya sayar tun mai saye bai gane sun haukace ba. Ya ce daga nan fatake sunka ƙetara da ita Yaman, masu zikiri sunka riƙe ta don tana kore gyangyaɗi, daga hannunsu ta bazu har ƙasashen Turawa.

"Duk wanda ya sha ta a duniya," in ji shi, "jikar wannan kurmi ya sha. Amma ba wanda ya taɓa aiko mana da gaisuwa."

Da na warke lokacin tsinka ya zo. Ja kaɗai ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko na kama reshe na zage shi tas, ja da kore, kamar mai zagar ganyen zogale. Inna ta zazzage kwandona a ƙasa ta zaunar da ni na tsince koren duka, tana tsaye a kaina. Bayan tsinka sai shanya, a juya safe a juya yamma, sati uku ko fiye, har ɓawon ya yi baƙi ka girgiza ka ji ƙwayar tana ƙara a ciki. Daga nan sai sussuka a turmi da sheƙa a faifai. Wannan kam na nuna musu ni ɗan masu gero ne. Abin da ya fito, ƙwaya mai launin ganyen da ya fara bushewa, munka ɗura a buhuna munka jera a wani ɗan ɗaki bayan gida, kan dandamalin itace. Buhu tara. Shi ne abin da gidan ya dogara da shi har wata shekara: da shi za a sami masara in tasu ta ƙare, da gishiri, da mai, da tufa.

Ɗakin nan Inna ba ta wasa da shi. Ba a shiga da fitilar kananzir. Ba a aje sabulu. In ta taɓa kayan miya sai ta wanke hannu kafin ta buɗe ƙofar. Ran Juma'a na shafa ɗan turare na nufi wurin, ta tare ni da muciya. Na ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, wataƙila akwai aljanin da ba ya son ƙamshi. Ban tambaya ba. Mutum mai yawo shina da wata cuta, gani yake ya riga ya gane.

Kullum da hantsi ake zaman gahawa, maƙwabta su zo. Inna za ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turaren wuta, ta wanke ƙwayar, ta zuba a faffaɗan kaskon ƙarfe bisa garwashi. Hannunta ba ya tsayawa da juyawa. Ƙwayar ta tashi daga kore ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja, sai ka ji ta fara ƙara ƙas-ƙas kamar gugguru. Nan ne gwaninta take. Ka sauke da wuri ta yi tsami, ka bari ta wuce ka sha gawayi. Inna tana jira sai ta yi duhu ta fara ƙyallin mai, sai ta ɗauke kaskon shina hayaƙi ta zagaya da shi gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da hannu zuwa hancinsa ya sa albarka. Sannan daka, sannan a zuba garin cikin jabana, wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya. In ta taso a sauke, a jingine ta a karkace gari ya kwanta, a tsiyaya daga sama siriri. Ba sukari, ɗan gishiri suke sawa. Zubi uku ake yi a gari ɗaya, na farko mai ƙarfi, na biyu dama-dama, na uku kusan ruwa, shi suke kira baraka. Ba a tashi kafin na uku. Ko gardama ake, sai an sha shi.

A wurin zaman nan kewar gida ta fi kama ni. Kowa na hira, ni ina riƙe da finjali ina tunanin fura da nono, da warin kasuwar albasa in rana ta take. Kuma abin da sunka yi mini ya tsaya mini a rai. Me zan ba mutanen da sunka ɗauke ni daga bakin kabari? Sai na farke aljihu.

Tun ina fara miƙewa, kafin tsinka, na roƙi Abba Nuru ɗan fili bakin rafi na yi reno, na dasa, ina ban ruwa da ƙwarya. Albasarsu ƙanana ce, kamar tafarnuwa. Na ce a raina bari su ga abin da ake kira albasa. Ƙasar kuwa ta karɓa. Kowace ɗaya ta yi kamar dunƙulen hannu, maƙwabta na zuwa kallo, ni ina tsaye ina gyaran murya.

Ana cikin haka anka aiko yayar Inna ta rasu a wani gari mai nisan kwana biyu. Sunka shirya su biyun. Abba Nuru ya danƙa mini gidan, ya ce in sun dawo za a kai buhunan wurin awo a sayar. Ya nuna ɗakin bayan gida ya ce, "Ka kula kada ruwa ya taɓa." Abin da ya faɗa ke nan, ruwa. Shi ma bai zaci akwai abin da ya kamata ya ƙara ba.

Na cire albasata na baza a fili ta sha iska, yadda muke yi. A lissafina na mutumin Aliero saura wata biyu kafin a ga hadari. Ashe can ruwa ba ya jiran lissafinmu. Kwana biyu da tahiyarsu, da azahar, sama ta haɗe ta sako. Na yi ta kwasa da gudu, albasa jiƙe, ganye jiƙe. A gida rudu muke mata, ɗan rumbun kara da iska ke ratsawa, kuma in ruwa ya rutsa mutum ba abin mamaki ba ne ya tura ta ɗaki ɗaya da gero ko dawa. Gero bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Na duba gidan, wurin da ba ya yoyo ɗaya ne. Na buɗe ɗakin gahawa na jibge ta kan buhuna, na cusa tsakaninsu, na tura ƙarƙashin dandamali. Na ja ƙofa na toshe kafofin da tsumma don kada feshi ya shiga. Har na yaba wa kaina.

Ruwa ya yi kwanaki shina zuba, rafi ya cika ya tsare su a can. Sai da sunka yi kwana goma sha biyu. Rana ta goma na buɗe ɗakin na tarar kusan rabin albasar ta ruɓe, ruwanta ya jiƙa buhu biyu na sama. Na kwashe, na share, na bar ƙofa a buɗe. Baƙin cikina duk na albasata ne. Warin kuwa ban ji wani abu ba. Hancin da ya girma a Aliero, albasa ba wari ba ce gare shi, iska ce.

Sunka dawo da hantsi, maƙwabta sunka taru gaisuwa. Inna ta gaji, sai ta miƙo mini ƙwarya ta yi nuni in ɗebo mata ƙwaya. Na ɗebo. Tun tana wankewa na ga ta tsaya ta kai hannu hanci, ta dubi hannun, ta sake wanke shi. Ta zuba a kasko. Da zafi ya kama, abin da ya tashi a ɗakin nan ba ƙamshin gahawa ba ne. Kamar an fara suyar miya ne a gidan biki, an manta ta ƙone.

Inna ba ta zagaya da kaskon ba. Ta aje shi ƙasa, ta tashi ta nufi bayan gida. Muna jin ta tana kwance buhu, ta koma wani, ta koma wani. Sannan munka ji ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba ne, irin wanda mutum ke yi in ya taka ƙaya.

Abba Nuru ya ce, "Ɗana, me ka sa a ɗakin?"

Na gaya masa. Har da bayanin rudu, har da gero.

Ya shafa gemu. Ya ce, "Buna ba gero ba ce. Ɗanyarta duk abin da ta kwana da shi sai ta sha shi, kuma ba ta amayarwa."

Maƙwabta sunka fara gyara mayafi za su tashi. Ya ɗaga hannu ya ce a zauna. Ya kira matarsa ya yi mata magana a hankali. Ta dawo, idonta ja, ta daka, ta dafa, ta tsiyaya. Ya karɓi finjalin farko ya shanye bai yamutsa fuska ba, ya miƙo mini nawa da hannunsa. Haka munka sha abin nan har zubi uku, mutum takwas. Na sha magunguna masu ɗaci a yawona, ban taɓa haɗiye abin da ya kai wannan baraka wuya ba.

Mun yi ƙoƙari. Munka baza ƙwayar a tabarmi duk ranar da rana ta leƙo, munka sauya buhuna, Inna ta turara ɗakin. A hannu warin ya ragu har na fara sa rai. Amma da ta ji wuta sai ya dawo. Ran awo ni na ɗauki buhun farko. Mai saye ya soka hannu ya ɗebo, ya huro mata numfashi cikin tafinsa, ya shinshina, ya tauna ɗaya ya tofar. Ya tambayi Abba Nuru wani abu, mutanen wurin sunka fashe da dariya. A hanya na matsa masa ya fassara. Ya ce tambaya ya yi ko da naman a ciki ko daban ake sayensa. Buhu tara munka kai, tara munka maido. Ragowar albasar ma ba ta yi kasuwa ba, matan garin sun ce ruwa ya yi mata yawa, tasu ƙanana ta fi yaji.

Na ce wa Abba Nuru zan zauna in yi musu noma shekara guda, ko biyu, duk yadda ya ce.

Ya ce, "Hannunka na da kyau, na gani. Amma hannu da baki tare suke zuwa, kuma masarar da ta rage ta mutum biyu ce, in an ci da dabara. Ga shi hukuma ta fara tambayar wane ne dogon baƙon da ba ya da takarda. Jibi akwai fatake masu sauka Kurmuk, mutanen kirki ne, na san ubansu."

Na ce, "Baba, ka zage ni mana. Ko sau ɗaya."

Ya ce, "Da mugunta ka yi da na sami abin faɗa. To kyauta ka so yi mana. Ina zan kai ƙarar kyauta?"

Inna ba ta ƙara yi mini faɗa ba tun ranar, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Safiyar tahiyata ta fito da wani ɗan ƙulli. Akwai itacen gahawa guda a bayan madafa da take tsinka daban ta ɓoye a tulu don manyan baƙi, shi kaɗai ya tsira. Ta soya rabin abin da ke tulun ta ƙulle mini. Ta kama kunnena ta ja, da ƙarfi kuwa, ta faɗi kalmar nan tata ta dogo, ta juya ta shige ɗaki.

Makka ban kai ba a wannan tahiya, sai bayan shekaru, ta jirgi kamar kowa. Na koma Mai Wurno na sake tsinkar auduga har na sami abin komawa gida. Wasiƙa ba ta zuwa ƙauyen nan, sunansa ma ban iya rubuta shi daidai ba.

Da na iso Aliero anka taru a zaurenmu ana ta barka da zuwa, kowa na son labari. Na ba su na sojan Chadi, na ba su na Tijjani, sannan na kawo wanga. Kun san halina. Na gyara shi, na ƙara masa gishiri, na kwaikwayi mai saye shina tofarwa. Zaure ya kece. Wani abokin wasana daga Maiyama har da faɗuwa, shina cewa ai ya daɗe da sanin mutanen Aliero sai sun sa wa duniya duka wari. Ni ma ina dariya, har na fara jin abin ya yi sauƙi.

Gwaggona Hajo, ƙanwar babana, tana zaune bakin ƙofar cikin gida tana ɓarar gyaɗa, ban ma san tana saurare ba. Ta bari sai da dariyar ta lafa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Altine," ta ce, "su tsohhin nan da kab baro, mi sunka ci wannan shekara?"